Kujerar da Ke Kallon Bango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Kawu ya aiko an karɓi abinSa. Da hantsi abin ya faru, ana tsakiyar ruwan nan na Duwala wanda ba ya sallama in zai zo, ba ya ban kwana in zai tafi. Ina rumfata a kasuwa ina rantse wa wata mata cewa atamfar nan ba ta zuba ko da a kogin Wuri za ta kwana, sai waya ta yi ƙara. Inna ce, matar Kawu. Ba ta ce komai ba sai, "Ka taho." A rayuwata ban taɓa barin mai saye da magana a bakina ba sai ranar.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma wanzamin unguwarmu a New Bell tun kafin a haife ni. Da na iso gidan, lungun ya riga ya cika. Na halarci jana'izar manyan 'yan kasuwa, na halarci ta malamai, amma ban taɓa ganin ƙeyoyi sun taru wuri guda kamar na ranar ba. In ka tsaya daga baya a sahu, sai ka ce gonar ƙwarya ce aka yi wa ruwa. Kowace ƙeya kuwa da sawun hannun Kawu a kanta.

Ga 'yan dakon tashar jiragen ruwa da kafaɗunsu kamar ƙofar gareji. Ga mahauta. Ga Fulani da Barebari na Kassalafam. Ga 'yan boko daga Cité des Palmiers, da takalma masu sheƙi a hannu suna tsallaka kwata, suna gaisuwa rabi Hausa rabi Faransanci. Maƙwabcin Kawu, wani dattijo Kirista mai gyaran babur, ya riƙe ni ya ce, "Ashiya, ɗan'uwa, ashiya," wato sannu da haƙuri. Sai ya juya, ya ɗaga rigarsa a gaban jama'a, ya nuna mini tabon ƙaho a bayansa kamar mai nuna lambar yabo. Ya ce, "Ka ga wannan? Shekarar da ɗana ya tafi ya daina kira ne. Wannan kuwa shekarar da ya dawo."

A cikin gida wata tsohuwa da ban santa ba ta durƙusa gaban Inna tana cewa, "Ni ban taɓa ganin fuskarsa ba, Allah Ya sani. Amma na tura masa damisa, ya maido mini da miji." Mata suka yi dariya cikin kuka, Inna ma sai da ta murmusa.

Mutum ɗaya ne bai yi kuka ba, bai yi magana ba, bai ma zauna ba. Autanmu. Ya tsaya jikin katanga da sandarsa, aka yi salla da shi, aka kai Kawu da shi, aka dawo, ya wuce gidansa ba tare da ya sha ko ruwa ba. Na bi shi da kallo, don na san wannan tsayuwar. Na taɓa ganinta. Zan dawo kan Auta, amma bari in fara nuna muku wurin aikin Kawu, in ba haka ba ba za ku gane abin da muka rasa ba.

Zaure ne ƙarami, rufin kwano, wanda in rana ta take sai ka ji kamar ana gasa ka don a sayar da kai da yaji. A ciki akwai tabarma, da zabira, da tukunyar da yake tafasa kayan aiki, da butar shayin citta da kanumfari da ba ta taɓa sauka daga wuta ba. Sai kujera. 'Yar kujerar katako ce mai gajerun ƙafafu, ba ta da abin jingina, kuma kullum fuskarta na kallon bango. Babu madubi a zauren nan. Duk shagunan askin New Bell madubi ne tun daga sama har ƙasa, da hotunan 'yan ƙwallo, da kiɗa mai fasa kunne. A wurin Kawu kuwa bango ne za ka kalla, bangon da danshi ya zana wa taswirar ƙasashen da ba a gano ba tukuna.

Na taɓa ce masa, "Kawu, in tsadar madubi ce, ni zan sayo."

Ya ce, "Rediyo," don haka yake kirana, "in ka kawo madubi zaurena, a kanka zan fasa shi. Namiji ba ya faɗin ciwonsa ga wanda ke kallon idonsa. Ba ya faɗa ma in shi yana kallon nasa."

Ka ji asirin. Mutum zai shigo ya ce aski ya zo, ko ya ce bayansa ke riƙewa a yi masa ƙaho. Kawu ya zaunar da shi yana kallon bango, shi kuma ya koma bayansa. Ya jiƙa masa kai, ya murza masa wuya da man kaɗanya, ya dafa kafaɗa ya ji inda ta ƙulle. Ba ya tambaya. Iyakarsa ya ce, "Nan wurin ya yi tauri." Sai ya yi shiru. Shirun Kawu kuwa irin na rijiya ne, duk wanda ya leƙa sai ya ji yana son jefa wani abu a ciki. Kafin aska ta kai ƙeya, ƙaton da ke ɗaukar buhun siminti biyu a ka ya fara ba bango labarin abin da ya hana shi barci. In hawaye ya zo, ai ruwan aski ne ya gangaro. Waye ya gani? In an gama, Kawu ya goge masa fuska da tsumma daga baya, ya miƙa masa shayi, ya ce, "Allah Ya ƙara lafiya." Abin da aka faɗa wa bango kuwa, bango ne ya ji. Inna ta ce duk zamansu bai taɓa kawo mata labarin mutum ɗaya ba, ita kuma ta gwada, Allah Ya sani ta gwada.

Yana da maganganunsa da duk unguwa ta haddace. "Ƙaho na zuƙe mataccen jini, kunne na zuƙe mataccen zance." "Jiki da zuciya maƙwabta ne, katanga ɗaya suke rabawa. In gobara ta kama ɗaya, ɗayan ba ya barci." In kuma mutum ya shigo yana waige-waige, ya rage murya, ya ce, "Baba Wanzam, akwai wani abu na… ka gane, na ƙarin ƙarfi?" sai Kawu ya gyara zama.

"Akwai. Yaushe rabonka da barci mai kyau?"

"Baba, ai aiki…"

"Cokali nawa kake zuba wa shayi?"

"Ba ya wuce biyar."

"Yaushe rabonka da ka sa maiɗakinka dariya?"

Nan mutum zai fara sosa ƙeya. Kawu ya ce, "To ga maganinka. Ka rage sukari, ka taka da ƙafarka bayan asuba har ka yi gumi, ka kwanta da wuri, ka sayi gasasshen kifi ka kai mata ba tare da ta roƙa ba. In an kwana biyu ba ka ga canji ba, ka je asibiti a auna ka, don wani lokacin suga ne ko hawan jini ke aiko da manzo. Wanda ya sayar maka da kwalba ya ce tana maganin wannan da basir da talauci, ka tambaye shi me ya sa shi bai sha ba."

Ni ma na sha wannan hannun, kuma a nan muka yi faɗanmu. Ni mutum ne da Allah Ya yi wa albarkar tumbi. In na shiga tasi, direba kan ce in biya kuɗin mutum biyu, ni kuma in ce ai ragi ya yi mini. Wata shekara kaina ya dinga sarawa, ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Na je na ce Kawu ya kafa mini ƙaho. Ya dafa wuyana, ya dubi ƙafafuna, ya mayar da ƙahonsa cikin zabira.

"Ka je a auna jininka tukuna."

"Haba Kawu. Ni da nake cin tuwo da hannu biyu? Lafiyata ƙalau, har ta yi mini yawa, ina neman wanda zan ba saura."

"Rediyo, ba na sa aska a jikin da ban san abin da ke gudu a cikinsa ba. Ka je."

Na yi fushi. Na ce wanzamin da ke tura mutane asibiti ai kamar mai tuwo ne da ke nuna wa mayunwaci shagon burodi. Na fita, na kai kaina wani shagon zamani, aka yi mini askin da ya sa 'ya'yana suka yi mako suna dariya. Kawu bai neme ni ba. Abin da ya yi ya fi nema ciwo: ya aika wa maiɗakina. Daga ranar gishiri ya ƙaura daga gidana. Miya ta koma kamar ruwan wanke hannu. Da yunwa ta ishe ni na je asibiti don kawai in ƙaryata su. Ma'aikaciyar ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Monsieur, da ƙafarka ka zo?" Har yau ina shan ƙwayar nan kowace safiya. Da na koma zaure ina sunkuyar da kai, Kawu bai ce "na faɗa maka" ba. Ya nuna mini kujera, ya ce, "Zauna in gyara ɓarnar da aka yi wa kan ɗan 'yar'uwata." Daga baya har da asuba yake biyo mini, ya ƙwanƙwasa ƙofa da sanda, mu taka tare. Tsoho yana gaba kamar saurayi, ni ina baya ina haki ina yi wa duniya wasiyya.

To, Auta. Shi ne ƙaraminmu, ɗan bensikin ne, wato yana haya da babur. Yaro ne mai fara'a, wanda ni kaɗai na fi shi surutu a danginmu. Akwai wata dattijuwa mai sayar da ganye da yake ɗauka kullum daga Logbaba zuwa kasuwa, ta mai da shi kamar ɗanta. Wata rana da yamma, ana yayyafi, babbar mota ta kwashe su. Dattijuwar ba ta tashi ba. Shi ƙafa ta karye, aka yi masa aiki a asibiti, ƙashi ya haɗe. Amma mutumin da aka maido mana gida ba Auta ba ne. Ba ya ci sai an matsa, ba ya barci, ba ya iya tsallaka titi. In babur ya wuce sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Magana kuwa, "i" da "a'a" ma sai ka yi dako.

Dangi suka kasu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Ni kuwa na ce ku bar ni da shi. Na kwashi barkwancin da na tara tun ina yaro na juye masa. Na yi masa kwaikwayon Liman yana atishawa, na yi masa na ɗan sanda yana neman na goro. Labaran da suka taɓa sa mutum ya faɗo daga benci, Auta ya dube ni kamar ina karanta masa kuɗin wuta.

Kawu ya kira ni gefe. Ya ce, "Rediyo, kana son ƙanenka?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Kawu?"

"To kashe rediyon nan na ɗan lokaci. Ka cika masa kunne, ba ka bar masa inda zai ajiye tasa ba. Kawo mini shi ranar Juma'a, ka ce tausar ƙafa ce."

Haka aka fara. Kowace Juma'a da safe in raka Auta zaure, Kawu ya kore ni waje. Ya gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, ya murza da man kaɗanya, sannan ya juya shi bango ya yi masa aski, ko da gashin bai kai a aske ba. An daɗe ba abin da ke fitowa daga zauren sai ƙarar aska. Wata Juma'a ina zaune a dakali sai na ji wani sauti kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Na miƙe zan shiga, Inna ta riƙe mini riga ta ce, "Zauna. Ƙurji ne ya fashe."

Bayan nan Kawu ya yi abin da ya girgiza dangi. Ya ce Auta na bukatar likitan ƙwaƙwalwa, don akwai abin da ya fi ƙarfin man kaɗanya. Yayyenmu mata suka ce ina, ba za a kai ɗan uwarsu wurin mahaukata ba, 'ya'yansa mata ne, wa zai aure su gobe? Kawu bai yi musu ba. Ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya kafa hula, ya kama hannun Auta, ya bi ta tsakiyar unguwa. Duk wanda ya ce, "Baba Wanzam, ina zuwa?" sai ya amsa da ƙarfi, "Wurin likitan ƙwaƙwalwa za ni, ɗana ne ke raka ni." A can ma, in ji Auta, Kawu ne ya fara zama gaban likitan, ya ba shi labarin ɗansa na fari da ya rasu yana ƙarami, abin da ban taɓa jin ya ambata ba. Ya fito yana cewa, "Yaron nan ya iya aiki. Kujerarsa ce kawai ba ta kallon inda ya kamata."

Da magani, da Juma'a, da addu'ar da Kawu ya koya masa ta kwanciya, da tafiyar asuba da aka sa shi a cikinta, Auta ya fara dawowa. Ya samu aiki a garejin maƙwabcin nan mai gyaran babur. Har ya taɓa ce mini tumbina ya riga ni shiga masallaci, na ji daɗin zagin nan fiye da kyautar rago. Bai gama dawowa ba, amma yana hanya. Sai ga wanda ke riƙe da fitilar ya kwanta.

Bayan sadakar bakwai, maiɗakin Auta ta zo rumfata da rana tsaka. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Yaya, ya koma." Ba ya fita, ya daina zuwa gareji, ya ajiye magani, ranar ganin likita ta wuce bai je ba. Ta ce, "In ya nutse wannan karon, ban san wanda zai tsamo shi ba."

Ni ma ban sani ba. Ɗan Kawu namiji ɗaya ne ya rage, ma'aikacin ofis ne, bai taɓa riƙe aska ba. Na je wurin Inna in yi mata kuka. Ta saurare ni, ta shiga zaure, ta fito da kujerar nan ta dire a gabana.

"Inna, ni ban iya aski ba. Ko albasa na yanka sai an kai ni asibiti."

"Wa ya ce maka aski yake yi?"

Ranar Juma'a da safe na ɗauki kujera a ka, na ratsa New Bell da ita, yara na bina suna tambaya ko an kore ni daga gida ne. Na sayi sabuwar reza da sabulu a hanya. Na tarar da Auta kwance, gashi ya yi masa buzu-buzu. Barkwanci uku suka zo mini baki a lokaci guda, kuma wallahi masu kyau ne. Na haɗiye su, suka wuce maƙogwarona kamar ƙayar kifi. Na ajiye kujerar tana kallon bango. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sai ya tashi, ya ja ƙafarsa, ya zauna.

Na koma bayansa. Na jiƙa masa kai. Na dafa kafaɗarsa, na ji ta kamar ƙarfen gada. Na ce, "Nan wurin ya yi tauri." Sai na rufe bakina.

Jama'a, na yi azumi a zafin Duwala, na yi wata guda ina cin miya babu gishiri, amma ban taɓa shan wahala irin ta shirun nan ba. Harshena ya dinga harbawa kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Gumi ya jiƙa mini riga. Ina kankara, kan yaro ya koma kamar gonar da akuya ta yi wa kiwo. Na kai rabi, ba abin da ake ji sai yayyafi a kan kwano.

"Yaya."

"Na'am."

"Ka yanke ni."

"Na gani. Yi haƙuri."

Na ci gaba. Can sai ya ce wa bango, "Da na ga an sa Kawu a rami, sai na ga kamar dattijuwar nan ce aka sake sawa. Duk wanda ya riƙe ni sai ya tafi."

Ina da amsa. Ina da amsoshi goma, har da aya. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na bar hannuna a kafaɗarsa, ya yi ta magana, ruwan aski na gangaro masa, ni ma nawa na gangarowa, kuma babu madubin da zai tona mana asiri. Da ya gama na goge masa fuska daga baya. Maiɗakinsa ta turo shayi ta bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Ya shafa kansa, ya ji tudu da kwari. Ya ce, "Da Kawu ya ga wannan, da ya sake rasuwa."

"Allah Ya ƙara lafiya," na ce.

"Litinin za ka raka ni wurin likita. Ka sa babbar riga." Ya kurɓi shayi. "Kujerar kuma ka bar ta nan. Juma'a ka dawo, ko Allah Zai sa hannunka ya faɗa."

Ya Allah, bawanKa ya rufa wa mazan unguwa guda asiri, Ka rufa masa nasa. Ya tsaya a bayanmu lokacin da ba ma iya kallon kowa, Ka sa rahamarKa ta tsaya masa a inda babu mai tsaya wa wani. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Juma'ar da ta wuce, da na isa gidan Auta, na tarar da mai gyaran babur zaune a ƙofa, da wani ɗan dako a gefensa, suna jiran layi. Na gaya musu gaskiya cewa ban iya ba. Ɗan dakon ya ce ya sani, ai ya ga kan Auta.